Muryar Likita a Bakin Auta

Shekara huɗu Auta ta yi tana aikin gwajin ido a wani shagon tabarau da ke hawa na biyu na wani katafaren kanti a tsakiyar birni. Shagon fes yake, ko'ina madubi, sanyin na'ura kuma har cikin ƙashi. Aikinta shi ne ta zaunar da mutum a kujera, ta sa ya karanta haruffan allo daga manya zuwa ƙanana, ta yi ta sauya masa gilashi tana tambayar wanne ya fi, sannan ta miƙa shi ga masu sayarwa. Oga, mai shagon, ba ya son ta wuce minti goma da mutum ɗaya, kuma ya fi son kowa ya fita da tabarau ko da idonsa lafiya lau yake. Duk ranar da ta ce wa wani idonsa ba ya buƙatar komai, sai Oga ya wuni yana amsa gaisuwarta da hanci.

Ɗaki ɗaya suke haya da ƙawarta tun ta makaranta, wadda kowa ke kira Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa. Ita ma gwajin ido take yi, a wani shagon daban. Tagar ɗakin ɗaya ce, tana kallon katangar maƙwabta, in ka miƙa hannu sai ka taɓa ta. Katifa biyu, igiyar shanya a tsakiya, risho a bayan ƙofa. Mota biyu Auta ke shiga kafin ta kai wurin aiki, mota biyu kafin ta dawo, yawanci a tsaye, jakarta a ƙirji.

Wata Litinin sai ga wayar Malama, wadda ta koyar da su auna ido a makaranta. Ta ce wata tsohuwar abokiyar aikinta, likitar ido, tana da ɗan asibiti a wani ƙaramin birni mai nisan awa biyar a mota, tana neman mai gwaji, ita kuma sunan Auta ta bayar. Akwai ɗaki a bayan asibitin. Malama ta ce ta je ta gani da idonta kafin ta ce komai.

Auta ta yi godiya, amma ba ta faɗa wa kowa ba sai Rediyo. Dalili kuwa, 'yan ajinsu suna da zaure a waya inda suke hira kullum, kuma a can duk wanda ya bar birni sunansa wanda birni ya kayar. Akwai wata da ta koma garinsu bara, har yau ba a daina yi da ita ba. Auta ba ta cikin masu yin shiru a irin wannan hira. Allah ya hore mata kwaikwayon murya, in ta ɗauki maganar mutum sai ka rantse shi ne, kuma da wannan ta yi suna tun suna aji ɗaya.

Ranar Asabar ta kama hanya da sassafe. Likita da kanta ta zo tasha ɗaukarta, cikin wata tsohuwar mota wadda ƙofar gefen fasinja sai daga waje take buɗuwa. Gajeriyar mace ce mai furfura, kunnenta ɗaya ba ya ji sosai, don haka da ƙarfi take magana, kuma kowace magana sai ta rufe ta da "kin gane ko?" Hannun tabaranta ɗaya da zare aka ɗaure shi. A hanya ta nuna mata kasuwa, da gidan waya, da shataletale ɗaya tilo na garin, wanda suka zagaya sau biyu saboda Likita tana hira ta wuce kwanar.

Asibitin ɗaki huɗu ne da baranda. Benci uku cike da mutane, yawancinsu tsofaffi, wasu da jikoki riƙe da hannunsu. Ba a gama gaisawa ba Likita ta miƙa mata farar riga ta ce ta taya ta da mutum biyu ko uku, in ba ta gaji ba. Na uku wani tela ne da ya yi shekara biyu bai iya zura zare a allura ba, sai dai ya jira wani ya zo wucewa ya roƙe shi. Auta ta ɗauki kusan rabin awa a kansa, ba wanda ya leƙo ya dubi agogo. Da ta dace da gilashin da ya yi masa, sai ya zaro allura daga bakin aljihunsa, ya ciro zare daga gefen rigarsa, ya zura a karo na farko. Ya zare ya sake zurawa, ya kuma sakewa, yana dariya ƙasa-ƙasa. Auta ta juya tana gyara akwatin gilasai don kada a ga idonta.

Bayan an tashi Likita ta kai ta ɗakin baya. Taga biyu ne, ɗaya tana kallon wata bishiya mai inuwa, ƙamshin sabon fenti bai gama fita ba. Likita ta ce jiya aka gama shafa shi, ba ta san launin da 'yan mata ke so yanzu ba, sai ta zaɓi fari. Ta haɗa mata shayi da hannunta, ta soya ƙwai, suka ci a baranda. Ta ce ba za ta ɓoye mata ba, garin shiru ne, mai shekarunta zai iya jin kaɗaici, ta je ta yi tunani sati biyu.

A motar komawa Auta ta samu gefen taga. Tana ta lissafin inda za ta sa gado da inda za ta rataye labule, tana kuma tambayar kanta da wa za ta yi hira in an tashi aiki, a garin da ba ta san kowa ba. Ga Yaya, babban wanta, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, yake kuma gaya wa duk wanda ya shigo garejinsa cewa ƙanwarsa tana aiki a babban kanti mai matakala mai tafiya da kanta. Me za ta ce masa? Tana cikin wannan sai saƙon Rediyo ya shigo, tana tambayar yaya ƙauyen, da fatan ba su ɗaura mata aure da mai gari ba.

Gaskiyar magana ita ce wurin ya kwanta mata. Amma da ta ɗora yatsa za ta rubuta haka, sai ta ji nauyi, kamar za ta amsa laifi. Ta san dariyar da za a yi. Da motar ta tsaya shan mai, fasinjoji suka sauka miƙe ƙafa, sai ta koma gefe ta danna wurin ɗaukar murya.

Minti uku ta yi. Ta yi muryar Likita da ƙarfinta da "kin gane ko?" ɗinta, ta yi zagayen shataletale, ta yi ƙofar mota da tabarau mai zare. Ta ce likitar ido ce amma nata idon a ɗaure yake da zare. Da ta ji abin yana tafiya daidai sai ta ƙara gishiri: ta ce marasa lafiyar duk tsofaffi ne kamar an share gari an tara a baranda, har da wani tela da ya ga ramin allura ya kusa suma don murna. Ta yi dariyarsa ma, ƙasa-ƙasa, yadda ya yi ta. Ta tura. Rediyo ta amsa da cewa cikinta ya ƙulle don dariya. Auta ta koma kujerarta, sai ta ga ba ta son kallon taga kuma.

Ranar Litinin da rana wayarta ta fara ƙara babu ƙaƙƙautawa. Rediyo ta saka saƙon a zauren 'yan aji. Kowa yana yabo, ana cewa Auta ba ta da dama, wani har ya ce a ba ta shiri a gidan talabijin. Nan take ta rubuta wa Rediyo ta goge, Rediyo ta goge, amma a lokacin mutum arba'in sun riga sun ji. Ta lallashi kanta da cewa ba ta ambaci sunan gari ba, ba ta ambaci sunan kowa ba.

Ranar Laraba, tana cin biredi a ɗakin ajiyar kaya a bayan shago, Malama ta kira. Ba ta amsa gaisuwa da tsawo ba. Ta tambaye ta ko ta san ma'aikaciyar jinyar asibitin ƙanwar wani ɗan ajinsu ce. Auta ta ce ba ta sani ba.

"To ita ta ji, ta gane muryar wa ake yi. Likita ma ta ji. Ita ce ta turo min." Malama ta ƙara da cewa, "Shekara talatin na san matar nan, ban taɓa tura mata kowa ba sai ke."

Auta ta ajiye biredin. Ta tambaya a hankali me Likita ta ce. Malama ta ce ba ta ce komai ba, saƙon kawai ta turo. Daga nan Malama ta kashe wayar.

Yadda ta ƙarasa aikin ranar ita ma ba ta sani ba. Sau biyu tana sa wa mutum gilashin dama a hagu. Ko'ina ta juya a shagon madubi ne, ko'ina fuskarta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne tunanin Likita zaune, ta kara wayar a kunnenta mai ji, tana sauraro har ƙarshe. Wataƙila ma sai da ta ƙara sauti.

Da ta koma ɗaki da yamma ta sauke wa Rediyo kwandon faɗa. Rediyo, wadda ba a taɓa rufe mata baki ba, ta tsaya da cokali a hannu har Auta ta gama. Sannan ta ce ta yi kuskure da ta tura ba ta tambaya ba, ta amsa wannan. Amma ita ta ɗauka wurin bai yi mata ba ne. Da ta ce mata tana so, ko da wasa ba za ta kai shi zaure ba.

"Ke kika yi muryar, Auta. Ni ban taɓa ganin matar ba."

Wannan ya kashe maganar. Auta ta zauna a bakin katifa ta faɗa mata abin da ya kamata ta faɗa tun a mota: taga biyun, da fentin, da shayin, da yadda ta ji lokacin da telan ya zura zare. Rediyo ta ajiye cokalin ta zauna kusa da ita. Ta ce ita fa tsoro ta ji tun ranar da Malama ta kira, don in Auta ta tafi ba ta san da wa za ta zauna a wannan akurkin ba, shi ya sa ta fara kiran wurin ƙauye.

Kwana biyu Auta tana rubuta saƙon ban haƙuri tana gogewa. Duk wanda ta rubuta sai ta ga ya yi kama da na mai neman aiki. Ranar Juma'a bayan an tashi ta wuce garejin Yaya. Ta same shi rabinsa a ƙarƙashin wata mota, ta tsuguna ta gaishe shi, ta ce tana da magana. Ya fito yana goge hannu da tsumma. Ta faɗa masa komai, har da cewa saboda shi ma ta ji nauyin barin birni. Ya ce ta kunna masa saƙon. Ta ce don Allah ya bari. Ya ce ai mutum arba'in sun ji, shi ne na arba'in da ɗaya.

Ya saurara kansa a ƙasa. Wurin shataletale bakinsa ya ɗan motsa kamar zai yi dariya, amma da aka zo kan tela sai fuskarsa ta canja. Da saƙon ya ƙare ya miƙa mata wayar, ya ce shi ma bara sai da aka karanta masa lambar wani ƙaramin ƙarfe, don idonsa ya fara gajiya. Game da birni kuwa, ya ce shi alfahari yake da ita, ba da matakala ba, in ya cika faɗin matakalar to don ita ce abin da ya iya kwatantawa.

"Wannan ba maganar waya ba ce. Matar da ta soya miki ƙwai, da ƙafarki za ki je."

Washegari ta sake hawa motar awa biyar. Wannan karon ba wanda ya zo tasha. Ta taka da ƙafa, ta wuce shataletalen kanta a sunkuye. A barandar asibitin benci ya cika kamar wancan satin. Ma'aikaciyar jinyar ta dube ta sama da ƙasa, ta ce Likita tana aiki, ta nuna mata ƙarshen benci. Nan Auta ta zauna awa uku tsakanin wata tsohuwa mai bandeji a ido da wani dattijo da ya yi ta ba ta labarin jikokinsa. Tsohuwar har ta ɓare ayaba ta ba ta rabi. Ta karɓa da hannu biyu, ta ci da ƙyar. Duk wanda ya shigo sai ta saci kallonsa, tana tsoron kada telan ne.

Sai da mutum na ƙarshe ya fita aka ce ta shiga. Likita tana wanke hannu, ba ta juyo ba. Auta ta durƙusa daga bakin ƙofa. Duk jawabin da ta shirya a mota ya gudu, abin da ya rage kawai shi ne ta yi abin kunya, ba ta da hujja, ta zo neman gafara, kuma ba don aikin ta zo ba.

Likita ta ce ta tashi ta zauna a kujera, ƙasan ba a share ba. Ta goge hannu, ta zauna ita ma. Ta ce muryar tata an yi ta daidai, har ta kira 'yarta ta kunna mata, 'yar ta ce wallahi Mama ke ce. Ta ce ta san tana ihu, ta san motarta, ba yau aka fara yi mata dariya ba, ko da yake ba ta taɓa jin ta daga bakin wanda ya sha shayinta ba. Wannan ya yi mata zafi kwana ɗaya, ya wuce.

"Amma mutumin nan na allura," in ji ta, muryarta ta sauka yadda Auta ba ta taɓa ji ba, "a gabanki ya yi murnarsa saboda ya yarda da ke. Wanda ya zauna a kujerar nan ba ya gani sosai, a hannunki yake. Na kuma ga fuskarki a ranar, na san kin ji abin a ranki. Shi ya sa na kasa gane dalili."

Auta ta ce kunya ta ji. Kunyar ƙawayenta su san ƙaramin gari ya burge ta.

Likita ta daɗe tana kallonta ta saman tabarau. Ta ce to wannan ciwo ne da ba ta da gilashinsa. Sannan ta faɗa mata kai tsaye cewa ta yafe, amma aikin ta ba wani saurayi tun ranar Alhamis, zai fara farkon wata. Ko da ba ta bayar ba, ma'aikatanta sun ji saƙon, ba za ta haɗa su aiki da ita yanzu ba. Telan bai ji ba, kuma ba zai ji ba. Auta ta ce ta gode, hakan ma ya fi abin da ta cancanta. Da za ta fita Likita ta duba agogo ta ce motar ƙarshe ta kusa tashi, ta ɗauko makulli. Haka ta kai ta tasha a tsohuwar motar, Auta tana kallon gwiwoyinta.

Ta koma shagon madubi da motocinta biyu. A zauren 'yan aji ta rubuta layi uku: cewa matar da ta kwaikwaya ta karɓe ta da mutunci, cewa wurin ya fi inda take aiki yanzu, cewa ta so aikin kuma ta rasa shi da bakinta. Zauren ya yi tsit rabin yini. Mutum biyu suka ce abin bai kai haka ba, wani ya saka hoton dariya, sannan aka koma hirar ƙwallo. Wadda ta koma garinsu bara ce kawai ta kira ta, suka yi awa guda suna magana, Auta ta ba ta haƙuri ita ma, don akwai tata muryar da ta taɓa yi.

Malama ba ta sake kira ba sai bayan wata bakwai. Ta ce akwai wani asibiti a wani garin, ya ma fi wancan ƙanƙanta, kuma ba ɗaki, sai ta nemi haya. Ta ce ita ba ta bayar da sunan kowa ba wannan karon. Su ne suka tambayi Likita ko ta san wani, ita kuma ta rubuta musu cewa akwai wata yarinya mai haƙuri da marasa lafiya, hannunta yana da kyau, ta taɓa yin wauta sau ɗaya kuma ta zo da ƙafarta ta amsa.

Auta ba ta nemi sati biyu ba. Yaya ya aro motar ɗaukar kaya, Rediyo ta naɗe mata katifa tana ta surutu don kada ta yi kuka, ta kuma cusa mata rishon a cikin kaya duk da cewa tare suka saya. Ɗakin da ta samu yana bayan gidan wata malamar makaranta mai ritaya. Satin farko ya yi mata tsawo. In an tashi aiki ƙarfe huɗu sai ta rasa inda za ta sa kanta, ta share ɗakin da ta riga ta share, ta zauna tana jin kukan kajin maƙwabta. Ranar Asabar ta biyu matar gidan ta ƙwanƙwasa mata ƙofa, ta ce za ta kasuwa, in tana so ta zo ta ga inda ake samun kayan miya masu kyau. Auta ta ce ta ba ta minti biyu ta sa takalmi.